Kwana Uku a Ƙofar Ƙarfe

Bari in faɗa tun yanzu, kada wani ya zauna jiran abin al'ajabi: idon Kawu Sambo bai buɗe ba. Makaho na fita da shi daga Wurno, makaho na komo da shi bayan shekara huɗu. Labarin da zan bayar shi ne na yadda na ɓatar da shi a ƙasar Masar da rana tsaka, ni da idona biyu garau.

Kawu Sambo yayan mahaifiyata ne, kuma magini ne. Rabin sorayen unguwarmu aikin hannunsa ne, har daga Rabah da Goronyo akan aiko masa da doki in wani mai hali zai ta da zaure. Idon ya soma yi masa hazo yana kan aiki, bai gaya wa kowa ba sai ranar da ya taka iska ya faɗo daga kan bango. Zamanin Turawa ne, ba a daɗe da gama babban yaƙi ba. Wani alhaji da ya komo ta Sudan ya ce a Masar akwai likitocin da ke yaye yanar ido kamar yadda ake ɓare albasa. Aka karɓo takardar tafiya, aka duba cikin dangi wa gona za ta iya rasawa ba ta ji ba, aka ga ni. Inna magana ɗaya ta yi mini: "Mamman, hannunai na ba ka. Kak ka sake shi."

A kasuwar Fallomi, inda Faransa ke mulki, muka fara ganin taron da ba mu san kowa ba a ciki. Wani mai raƙumi ya ratsa tsakaninmu, na ɗan rasa Kawu na tsawon shan ruwa. Da na kamo shi sai ya ja ni gefe. Yana saurayi ya yi fatauci zuwa Gwanja da jakuna, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

Ya ce, "Saurara. Dokar hwatake guda ta. In anka rabu, wanda anka bari shi zamna inda anka bar shi, kash shi motsa. Ayari shi ka komowa. In kowa yat tashi neman kowa, ba a gamuwa har a mutu."

Na ce na ji. Ya sa na maimaita sau uku kamar mai biya allo.

A Jinaina, bakin ƙasar Sudan, aka fara cutarmu. Wani mai farar jallabiya, mai Hausar da ba ta kowane gari ba, ya riƙe kan Kawu ya leƙa idon, ya ce ai wannan ba sai an je Masar ba. Ya sayar mana da tozali a cikin ɗan ƙaho, wai daga wani dutse na Makka aka niƙo shi. Baƙin fitila ne da garin barkono. Kwana uku Kawu na zubar da hawaye, ni kuwa ina zaga kasuwa da sanda ina neman mutumin. Da na dawo ina huci sai Kawu ya ce in zauna, ko ba komi mun gane rijiyar idon ba ta ƙafe ba. Na yi dariya ba don ina so ba.

Guzuri ya ƙare mana a Madani, muka yi shekara biyu a can. Ni ina tsinkar auduga a gonakin da ba a ganin ƙarshensu, Kawu yana tufka igiya a gindin bango. A nan na koyi Larabcin kasuwa, irin wanda ya isa a sayi gurasa a yi faɗa. A nan kuma muka gamu da Hajiya Kulu mai tuyar ƙosai, mutuniyar Gandi, wadda ta fito aikin hajji tana amarya ta tsufa a hanya. Da ta ji na ce "mi" irin na mutanen gida sai ta saki matsami ta kama kuka. Ta tambaye mu kasuwar Gandi, ta tambayi mutanen da duk sun mutu. Ranar da za mu wuce ta ƙulla mana gabu a tsumma, busasshen ganyen albasa irin na gida. Ban taɓa sa shi a miya ba. In kewa ta taso mini nakan kwance tsumman in shaƙa, in ga fadamar Wurno da rani, in ji kamar ƙirjina zai tsage.

Kawu kuwa yana da tasa hanyar ganin gari. Duk inda muka sauka sai ya ce in kai shi jikin bango. Ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya ɗan ƙwaƙulo ƙasar ya murza, wani lokaci har ya kai ta baki. Sannan ya yanke hukunci. Maginan Fashir ragwaye ne, ba sa barin tubali ya bushe. Na Hartum sun iya layi amma ba su da zuciya. Tun daga Wurno har Aswan ban ji ya yaba wa mutum uku ba.

Wani abu kuma na koya a hanya, wanda da ban koya ba da ya fi mini. Motar albasa a Achida ba ta tashi sai an ƙirga kawuna. In ka ajiye buzunka a wuri, wurin naka ne. In kana salla, direba zai zage ka amma zai jira. Jirgin ƙasan da muka shiga a Sudan ma bai saɓa wa wannan sosai ba. Yakan tsaya cikin rairayi ya sha ruwa, mutane su sauka su yi alwala, wasu har su ɗora shayi, in ya yi kuka a bi shi da sassarfa a ɗare. Na ɗauka duk abin hawa na duniya yana da kunya.

Ranar da muka shiga Alƙahira ban ga tashar ba. Cunkoso ya ɗauke mu daga tarago ya zubar da mu a titi, ni ƙafafun mutane kawai nake kallo don kada a take Kawu. Muka sauka wurin wasu mutanen ƙasarmu masu karatu. Likitan farko ya haska idon da 'yar fitila, ya girgiza kai, ya ce wannan ba yana ba ce. Amma akwai wani a Iskandariyya, bakin teku, a gwada shi. Haka muka komo tashar da hantsi, da sauran lokaci mai yawa kafin jirginmu, kuma a ranar na ɗaga kai.

Mutanen garin Babul Hadid suke ce wa wurin, wato Ƙofar Ƙarfe. Daga waje na rantse masallaci ne. Dogayen ƙofofi masu baka, an yi musu ado da shuɗin tangaran, dutsen jiki an jera shi layi mai haske layi mai duhu. Har na sunkuya zan tuɓe takalmi, sai na ga wani ya shige da akurkin kaji a ka. An ce tun zamanin kakanninsu ake shiga jirgi a nan, tun kafin Nasara ya ci Sakkwato. Ciki kuwa, bayan an wuce zauren tikiti, sai ka fito wani fili wanda ban san sunan da zan ba shi ba. Rumfa ce, amma kasuwar Wurno da dabbobinta za ta shige ta bar wuri. Rufin ƙarfe ne da gilashi, ya tashi daga bangon nan ya lanƙwasa ya sauka a wancan. Rana na sauka ta cikinsa a kan hayaƙi, tattabaru na shawagi can sama kamar a waje suke. Jirage sun jeru suna numfashi. Ga soja, ga mai rawani, ga Bature, ga mace da tulu, kowa ya san inda za shi. Agogo ɗaya rataye a sama, shi ke juya mutanen nan duka, ba ya ko ɗaga murya.

Kawu ya tsaya cik. Ya saki hannuna ya tafa sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare.

"Mamman, waje muke ko ciki?"

"Ciki muke, Kawu."

"Ƙarya kakai. Sautin bai komo ba."

Na kai shi jikin bango. Ya shafa dutsen, ya bi haɗin da farce, ya nemi inda wuƙa za ta shiga bai samu ba. Sannan ya tambayi ginshiƙai nawa ke tsakiya. Na ce ban ga ko ɗaya ba. Ya ce in sake dubawa. Shi da ya yi shekara arba'in yana faɗa da azara ya san iyakarta: in ɗaki ya wuce 'yan kamu kaɗan, sai ka ɗaura bakan gizo ya tallafi rufin ko ka kafa ginshiƙi, in ba haka ba damina ta farko ta kwantar maka da rufin. Zauren da ya fi alfahari da shi a Goronyo taki tara ne.

Na shigar da shi tarago, na shimfiɗa masa buzu a kan bencin katako, na tura ƙunshinmu ƙarƙashi. Bai zauna lafiya ba. Yana ta motsi kamar wanda ƙuma ke cizo.

"Tahi ka auno min hwaɗin wurin ga. Daga bango zuwa bango, can inda ƙarhen jirgi yaƙ ƙare. Taki sosai, ba na ragwanci ba."

"Kawu, Inna ta ce kada in sake ka."

"Innarka ba magina ta ba. Ina ni ka zuwa, ni da ba ni ganin ƙohwa?"

A bakin tarago akwai wani mai jar dara da kwat mai maɓallan tagulla. Na gaishe shi da ladabi, na nuna masa Kawu, na ce da Larabcina a ɗan dakata mini, yanzu zan dawo. Ya gyaɗa kai da fara'a. Daga baya na gane fasinja ne kamar ni, kuma da na ce masa ya ba ni jirgin kyauta ma haka zai gyaɗa.

Na tafi can ƙarshe na jingina dugadugaina da bango na fara. Sau biyu masu kaya suka ture ni na rikice, na koma na sake. Na ji ƙararrawa, na ji usur, ban kula ba, ai na bar sallahu. Da na dafa bangon can na juyo ina murna, sai na ga dandamalinmu fayau. Bayan tarago na ƙarshe kawai na hango yana fita cikin haske. Na bi shi da gudu har inda dandamali ya ƙare, wani ɗan sanda ya cafke ni ta wuyan riga. Tikiti biyu na cikin aljihuna, da takardar tafiya, da 'yan kuɗinmu duka. Kawu ba ya da komi sai buzu da ƙunshin tsumma, ba ya jin Larabci in ba na salla ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan rana ba. Na yi ta tare mutane ina magana, Larabcin ya gudu, Hausa ke fitowa. Akwai wani jirgin da zai bi hanyar bayan azahar, har na sa ƙafa a matakinsa. Sai na ji muryar Kawu a kasuwar Fallomi. Wa aka bari? Ni aka bari. Jirgi ya tafi da shi, shi ne ayari. In na bi shi Iskandariyya, wani mai imani ya sako shi jirgin dawowa, mu saɓa a hanya, shi ke nan. Na sauke ƙafata. Na koma daidai inda taragonmu ya tsaya, gindin wani ƙarfe mai ɗauke da fitila, na zauna.

Kwana uku na yi a gindin ƙarfen nan. Duk jirgin da ya shigo daga arewa sai in miƙe in bi tagoginsa ɗaya bayan ɗaya, in ya watse in koma in zauna. Abin kunya ne in faɗa, amma ko a cikin wannan hali tashar ba ta daina ba ni mamaki ba. Na ga yadda mutum ɗaya a cikin ɗan ɗaki a sama yake jan wasu sanduna, ƙarfen ƙasa ya goce, jirgi mai tarago goma ya bi inda aka ce masa kamar tunkiya. Na ga masu shafa wa ƙafafun jirgi mai, da mai bi da guduma yana ƙwanƙwasa su yana saurare, sak Kawu a jikin bango. Na ga jirgi ya tashi ya bar wani mai ƙaton tumbi da barori biyu na ɗauke masa kaya, bai jira shi ba kamar yadda bai jira ni ba, sai na ɗan ji sanyi. In zuciyata ta ƙi zama, sai in je in sake auna faɗin. Na auna shi ya fi sau ashirin.

Akwai wani tsohon ɗan dako, baƙi kamar mu, mutumin wajen Aswan, ana ce masa Ammu Idirisu. Ranar farko kallona kawai ya yi. Rana ta biyu ya ajiye mini gurasa da dafaffen wake ya wuce. Rana ta uku ya sauke igiyarsa ya tsuguna gabana ya ce, ɗana, wa kake jira? Na tattara Larabcina na ba shi labari, har da dokar fatake, ina faɗinta da ƙarfin zuciya don ya san mu ma muna da tsari.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Doka ce mai kyau. To, shi tsohon, wa ya tashi daga kusa da wani, kai ko shi?"

Na ce ni.

"Ya motsa daga inda ka ajiye shi?"

Na ce a'a.

"To a wurinsa wa aka bari?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "Kuma a cikinku wa ke da ido?"

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Kwana uku ina zaune ina jiran makaho ya zo ya nemo ni.

Ammu Idirisu ya ja ni har wani ofishi a gefen zaure, inda wani mai tabarau ke zaune gaban na'urar waya. Ya yi masa bayani da sauri. Mai tabarau ya dube ni ta saman gilashinsa, bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya shiga ƙwanƙwasa ɗan ƙarfen nan da yatsa. Aka ce mini maganar tana bin igiyar da ke gefen hanyar jirgi, tana faɗawa kowace tasha har teku. Ni da na san in akuya ta ɓace sai an bi ƙauye bakwai da ƙafa, na tsaya ina kallon yatsan mutumin nan. Kafin in gama shan shayin da aka miƙo mini, na'urar ta amsa. Ya karanta, a wannan karon ya yi murmushi. Ya ce a Banha, tasha ta farko da jirgin ke tsayawa, akwai wani baƙin tsoho makaho da ya sa aka sauke shi shekaranjiya. Sun yi sun yi su sa shi jirgin dawowa, ya ƙi. Sun so su kai shi masallaci ya kwana, ya riƙe ƙafar benci.

Ammu Idirisu da kansa ya sa ni a tarago, ya tsaya a ƙofa har jirgin ya motsa, wai kada in sauka auna wani abu. Na zaro ƙullin gabun Hajiya Kulu daga aljihu na danƙa masa, don ba ni da abin da ya fi shi daraja. Ya shaƙa, ya yamutsa fuska, ya sa a aljihu.

Da la'asar na sauka Banha. Tun daga taga na hango shi can ƙarshen dandamali, zaune a kan buzunsa, ƙunshinmu a cinya. Wani ya kafa masa tabarma a kan sanduna biyu don rana. Gabansa ga gurasa, ga lemo, ga tulun ruwa, kamar an kawo gaisuwa wurin wani shehi. Ya rame, leɓensa ya tsage. Duk jirgin da ya tsaya sai ya ɗaga kai ya karkata kunne.

Na zo na durƙusa gabansa, na kasa sallama. Kuka nake yi irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Ya miƙo hannu ya shafa kaina, ya bi goshi, ya bi tsagen fuskata, ya kama kunnena ya riƙe da ƙarfi.

"Mamman."

"Na'am, Kawu. Ka gahwarce ni. Ni na zaci..."

"Taki nawa?"

Na ɗago na dube shi. Da gaske yake.

"Hamsin da huɗu, Kawu."

"Naka takin ko na mutane?"

"Na auna ya hi sau ashirin. Hamsin da huɗu."

"Ba ginshiƙi?"

"Ko guda."

Ya saki kunnena. Leɓensa na motsi, na san lissafin azara yake yi, yana jera zauren Goronyo shida a gefen juna. Can ya sauke numfashi ya ce, "Allah shi jiƙan wanda yaɗ ɗaura wanga ruhin ƙarhe. Ashe ni laka ni ka wasa da ita."

Na ce ga tikitinmu, sarkin tasha ya ce za mu iya wucewa Iskandariyya da jirgin da ke tafe. Ya ce Iskandariyya ba ta gudu. In mai da shi Ƙofar Ƙarfe tukuna, yana so ya taka da ƙafarsa, don bai yarda da takin mutumin da ya zauna kwana uku yana jiran makaho ba. Ashe mai wayar Banha ya samo wani ɗan Sudan mai jin Hausa ya karanta masa komi.

Ya kwance rawaninsa, ya laluba ya ɗaura bakin ɗaya a wuyan hannuna, ɗaya a nasa, ya ja ƙullin da haƙori. Washegari da hantsi muka jingina dugadugai da bangon Ƙofar Ƙarfe, makaho a gaba yana ƙirgawa da ƙarfi, ni a baya a ɗaure, 'yan dako na buɗe mana hanya. Ya samu hamsin da shida, kuma har ya rasu a Wurno bai yafe mini taki biyun nan ba.